Fada da Zauren Malam a Littattafan Yaƙi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da matasan marubuta na Katsina da Daura suka fi maimaita mini in sun kawo rubutu a duba musu, musamman masu dogayen labaran yaƙi da sarauta, irin masu ƙasar ƙirƙira da aljanu da takobi mai suna. Na haɗe masu kama da juna. Wasu layi uku ya ishe su, wasu kuwa sai an gyara zama.

Malam, wane irin labari ake nufi, kuma me ya kawo addini cikinsa?

Labari ne wanda marubuci ke gina duniya sukutum: garuruwa, sarautu, tarihi, da abin da mutanen ke bauta wa. Yakan kai littafi uku ko fiye, kuma abin da ake faɗa a kai makomar ƙasa ce. Ba baƙo ba ne a wajenmu. Tun gasar rubutun Hausa ta 1933 aka samu Ganɗoki na Malam Bello Kagara, inda jarumi ya tashi daga yaƙi da Turawa ya dangana da ƙasar aljanu.

Addini kuwa yana shigowa ne ta ƙofar tambaya ɗaya da ake yi wa duk wanda ya hau gado: wa ya ba ka? Marubutan Turawa sun rabu biyu kan yadda za a taɓa ta. Tolkien, wanda babban littafinsa ya fito a 1954 da 1955, ɗan Katolika ne na sosai, amma ya faɗa a wata wasiƙa ta 1953 cewa da gangan ya cire ibadu da wuraren bauta daga duniyarsa. George Martin, da ya fara fitar da nasa a 1996, ya cika shi da addinai masu gaba da juna, ya kuma ce ya ɗebo da yawa daga yaƙin basasar gidajen sarautar Ingila biyu, Lankasta da Yok, na 1455 zuwa 1485. Duk hanyoyin biyu suna ɓullewa. Wadda ba ta ɓullewa ita ce a sa addini don ado, a zana gunki da hayaƙi da boka mai jan ido, amma in an cire su babu abin da zai motsa a labarin.

Tunda takobi na hannun sarki, me yake nema wajen malami ko boka?

Takobi na sa mutum ya faɗi ya yi gaisuwa. Abin da ba ya iyawa shi ne ya sa mutumin nan, in ya koma gida ya rufe ƙofa, ya gaya wa 'ya'yansa cewa wannan sarkin shi ya cancanta. Wannan yardar a hannun wasu take, kuma sarki ba ya iya ƙera ta da kansa. Duk rikicin daga nan yake tasowa.

Ba sai mun je nesa ba. Labarin baka ya ce Muhammadu Korau, baƙo daga 'Yandoto, ya kayar da Sanau, sarkin Katsina na ƙarshe daga gidan Durɓawa, a kokawa, bayan matar Sanau ta ɗauke layar da yake tsare jiki da ita, sannan ya yanka shi. Masana tarihi sun fi sanya mulkin Korau a ƙarni na 15, kuma shi ake ɗauka sarki Musulmi na farko a Katsina. Marubutanmu suna son wurin kokawar, suna son cin amanar matar, daga nan sai su rufe babi. Ni kuwa abin da ya biyo baya ya fi ja na. Ba a shafe Durɓawa ba. Sarautar Durɓi ta zauna, har ta kasance cikin masu zaɓen sarki, kuma har gobe tana nan tare da Ƙaura da Galadima da 'Yandaka. A gefe guda kuma fada ta buɗe ƙofa ga malamai da fatake Musulmi, zamanin da ake danganta masallacin Gobarau da shi ke nan. Wato sabon sarki ya ci bashi wuri biyu: wajen masu riƙe da tsohuwar al'adar ƙasa, waɗanda talakan ƙauye ke jin maganarsu, da wajen masu littafi da alƙalami, waɗanda ke haɗa shi da kasuwanni da sarakunan nesa. Ranar da ɗayansu ya ce a biya shi da abin da zai ɓata wa ɗayan rai, ka samu littafinka na biyu.

Turai ma haka. A watan Janairun 1077 sarkin Jamus Henri na 4 ya yi kwana uku tsaye cikin dusar ƙanƙara a ƙofar gidan Kanosa yana roƙon Paparoma Giregori na 7 ya yafe masa, don korar da aka yi masa daga coci ta ba hakimansa hujjar juya masa baya. Ya samu yafiyar, ya koma ya murƙushe 'yan tawayen, a 1084 ya shiga Roma da runduna. Giregori ya mutu a gudun hijira a 1085. Asalin faɗan kuwa shi ne wa ke da ikon naɗa manyan limaman coci, masu riƙe da filaye da haraji, ba a kuma sasanta ba sai 1122.

To shi malamin fa, me yake ci a wajen sarki?

Tsaro da abinci, ɗan'uwa, da kuma hukuncin da za a zartar. Malami na iya cewa abu haramun ne, amma ba shi da dogarin da zai hana.

Ga yadda nake so in ga an rubuta shi. Bayan isha, almajirai sun kewaye wutar kara, kowa ya kifa allo a gwiwa. Jakadan sarki ya yi sallama a zaure, ya ajiye alkyabba a naɗe kan buzu, ya ce akwai jakai a waje da taikunan gero, sarki na gaisuwa, yana kuma son ranar Juma'a a yi addu'a ga Yarima da sunansa. Malam ya san Yariman nan shi ya sa aka shaƙe wansa. Bai kai ga amsawa ba, sai ƙaramar 'yarsa ta leƙo, ta raɗa masa cewa Inna ta ce rumbu ya ƙare tun jiya. Jakada ya ji, ya sunkuyar da kai yana gyara bakin rawani kamar bai ji ba. Kada ka gaya mini abin da ke zuciyar malam. Nuna mini ko hannunsa ya taɓa alkyabbar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma duk wanda ke zauren ya san da haka, har yaran.

Tarihi ya ajiye mana wanda ya ƙi taɓawa. A taron idi na Magami, wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya raba wa malamai kyauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓa, ya nemi abu biyar a madadi: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Duba da kyau, abin da ya nema ya fi dukiyar tsada nesa ba kusa ba, domin ya fita daga wurin ba a bin sa bashin komai. Sauran malaman da suka karɓa kuma ba dole ne a ce duk mutanen banza ne ba. Malamin fada yakan ce in kowa ya gudu daga kusa da sarki, wa zai ja masa kunne? Shehu Almagili, malamin da ya zo Katsina da Kano wajen 1492, zama ya yi ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafin yadda ake mulki, yana ta nanata masa cewa tushen kowace ɓarna shi ne sarki ya ɓuya wa talakawansa. Ka ba malamin fadanka hujja mai ƙarfi irin wannan, sannan ka bar mai karatu ya auna.

Dole ne boka ya zama mugu?

A'a, kuma na gaji da shi. Kusan kowane rubutu da aka kawo mini akwai boka mai madubin tsafi da dariyar ƙeta, wanda ba ya son komai sai jinin budurwa. Mutum ne shi ma, yana da mabiyan da ke kawo masa marasa lafiya, yana da abin da yake tsoron rasawa. Tarihin Kano ya kawo labarin Dirki, wanda aka ce Alƙur'ani ne aka naɗe da fatu, aka riƙa yi masa yanka tsawon zamunna, har Sarki Alwali ya sa aka fasa shi da gatura. Mutane suka ce za a kori sarkin daga ƙasar, kuma a ƙarshe jihadi ya fitar da shi daga Kano. Wanda ya tsaya gaban gatarin nan ya yi imani da gaske cewa gari yake karewa. Yana kan ɓata, amma ba dariyar ƙeta yake yi ba, kuka yake yi. Shi ya fi wuyar rubutawa, shi ya fi zama a ran mai karatu.

In bokan na da ikon ɗaga dutse da kiran aljanu, me ya hana shi zama sarki?

Wannan tambayar mai karatu zai yi maka ita a shafi na ashirin, gara ka riga shi. Ko dai tsafin na da farashi mai nauyi, ko yana da sharaɗin da ya hana mai shi hawa gado, ko kuma jama'a ba za su bi wanda ba ɗan gidan sarauta ba ko da ya fi kowa ƙarfi. Zaɓi ɗaya, ka faɗe shi da wuri, kada ka karya shi don jarumi ya shiga matsi.

Ya halatta in ƙirƙiri addinin da babu shi? Ina tsoron abin da za a ce.

Fatawa ta malamai ce, 'yar'uwa, ki kai wa malaminki tambayar kai tsaye, ki nuna masa shafukan. Abin da zan iya ba ki shi ne yadda masu hankali cikin marubuta ke yi. Sukan kai labarin zamanin maguzanci ko wata ƙasa da babu ita a taswira. Ba sa sa magana a bakin annabi ko sahabi ko waliyyin da aka sani. Ba sa ƙago aya ko hadisi, ba sa kuma kwaikwayon lafazinsu. Ba sa ɗauko wata ɗariƙa ko ƙungiya ta yau su sauya mata suna da harafi ɗaya su mai da ita 'yan tsafi, don mai karatu a Katsina ba yaro ba ne, zai gane wa ake nufi tun kafin ya gama layin.

Wani abu kuma: rikici mafi zafi sau da yawa tsakanin masu alƙibla ɗaya yake. A 833 Halifa Ma'amun ya tilasta wa malamai aƙidar cewa Alƙur'ani halitta ne, aka ɗaure Imam Ahmad ɗan Hambali, aka yi masa bulala zamanin Mu'utasim, bai janye ba. Halifa da malami duk salla ɗaya suke yi. Abin da ake ja a kai shi ne wa ke da ta cewa kan abin da jama'a za su yi imani da shi. Kina iya gina irin wannan a duniyarki ba tare da gunki ko ɗaya ba.

Kullum kana cewa mu rubuta haraji. Wa zai karanta labarin haraji?

Wanda ya taɓa biya. Doki na cin dawa, sulke da lifidi kuɗi ne, kuma dakaru dubun da ka jera a fagen fama wani ne ke ciyar da su. Manomi ba ya barin gonarsa ya bi mai wa'azi don bambancin aƙida kaɗai, sai in wa'azin ya taɓa abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Shehu Usmanu a littafinsa Kitabul Farƙi ya jera irin waɗannan abubuwa da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa, tawasar mahauta, kamuwar da ake yi wa dabbobin mutane, da gargaɗi, wato tilasta wa talaka fita yaƙi ko ya fanshi kansa. Kowane ɗaya babi ne. Rubuta Bafulatanin da aka ƙirga wa shanu sau biyu a shekara ɗaya, ka bi shi zuwa wurin wa'azi da dare, ka ga yadda kunnensa zai kama wata jimla da sauran jama'a suka bari ta wuce.

Mu mata fa? A littattafan nan daga gimbiyar da za a sace sai tsohuwar mayya.

Laifin marubuta ne, ba na tarihi ba. Daura sarauniyoyi suka mulke ta kafin zuwan Bayajida, kuma sarautar Magajiya ba ta mutu ba. A Gobir akwai Inna, a Maraɗi akwai Iya, mace daga gidan sarauta wadda ke shugabantar 'yan bori, tana da fadarta da mutanenta. Wato iko na sarauta da na ibada a hannun mace ɗaya, abin da sarkin kansa bai haɗa ba. Bayan jihadi kuma Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar ilimantar da mata, ta naɗa mata masu laƙabin jaji masu kai karatu ƙauyuka, tana ɗora musu malfa, hular da a da aka san Inna da ita. Ba ta ƙona alamar ba, ta sauya mata aiki. Har yanzu ban ga wanda ya gina labarin yaƙi kan mata biyu irin waɗannan ba, ɗaya tana riƙe da tsohon iko, ɗaya tana karɓe mata mabiya gida-gida ba tare da an zare takobi ba. Ƙanwata, ga fili nan.

Ni ɗan Daura ne. Labarin Kusugu ai kowa ya san shi, akwai sauran abin rubutawa?

Akwai, in ka daina kallon baƙon, wato Bayajida, ka kalli 'yan gari. Maciji ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, mutane sun daɗe a haka. To wa ke shelar ranar? Wa ke tsara layi, wa ake kai wa ɗan abin gaisuwa don tulunsa ya shiga gaba? Duk dokar da ta daɗe tana da masu cin abinci a gindinta. Da gari ya waye aka ga kan maciji a yanke, ba kowa ne ya yi guɗa ba. Labarin ma ya nuna fadawa na ta da'awar su suka kashe, sai da Daurama ta ce a kawo kan, sannan tsohuwa Ayana ta tuna da baƙonta. Ka je bakin rijiyar ka leƙa, ka ga ƙanƙantar bakinta, ka tambayi kanka yadda gari guda ya rataya a wannan rami. Mai tsaron rijiyar da ya kwana yana da muƙami ya tashi ba shi da komai, shi ne mutuminka.

Ina son in sa yaron da aka yi bushara da zuwansa. Ya tsufa?

Ya tsufa in busharar gaskiya ce kuma kowa ya yarda da fassararta. Tana da rai in mutum uku suna da'awarta, kowa da malaminsa da hujjarsa. Jiran Mahadi ya motsa ƙasar nan ba sau ɗaya ba. A Satiru, kusa da Sakkwato, talakawa da bayi sun tashi a Fabrairun 1906 da gatura da fartanya suka karya rundunar Turawa, a watan Maris aka dawo aka shafe garin, sarakuna kuma suka tsaya bayan Turawa. Tambayar da ke da amfani ga marubuci ita ce wa zai ci riba in aka gaskata, wa zai yi asara.

Jarumina ya ci yaƙi, an kori azzalumi. In rufe a nan?

Kana iya rufewa, amma ka bar nama ka tafi da romo. Masu gyara in sun hau gado sukan tarar da buƙatun da suka tarar da na gabansu: dakaru na son ganima, baitulmali na son kuɗi, 'yan'uwa na son sarauta. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu kuma ɗaya daga cikin manyan kwamandojinsa, ransa ya ɓaci da son duniya da ya gani a cikin jama'a har ya bar runduna a 1807 da niyyar tafiya gabas. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkam kan yadda ake mulki da shari'a. Malaman 'Yandoto kuwa, garin ilimi tun tale-tale, da yawansu ba su amsa kiran jihadi ba, aka yaƙe su. Shehu Alkanemi na Barno ya yi ta musayar wasiƙu da Muhammadu Bello kan halaccin yaƙar Musulmi, Bello kuma ya kawo wasiƙun, har da hujjojin abokin jayayyarsa, a littafinsa Infaƙul Maisuri. In shi da ke tsakiyar abin ya iya barin ɗaya ɓangaren ya yi magana, marubucin ƙagaggen labari ba shi da uzuri.

Wanda aka kora ma ba ya ɓacewa. Da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, Ummarun Dallaje ya zama sarki, tsohon gidan ya koma arewa ya kafu a Maraɗi, aka shafe shekaru ana kai wa juna hari. A Daura, Malam Isiyaku ya kori Sarkin Gwari Abdu, zuriyarsa suka zauna a Zango da Ɓaure, sai ga shi a 1906 Turawa sun maido da gidan kan gado. Shekara ɗari ana jira. A shekarar dai Muhammadu Dikko, wanda ke riƙe da sarautar Durɓi, ya zama Sarkin Katsina, mulki ya tashi daga Dallazawa ya koma Sulluɓawa.

To in yi amfani da sunayen nan na gaske a labarina?

Ban ba ka shawara ba. Duk gidajen da na ambata suna da jikoki a raye, wasu kana haɗuwa da su a masallacin unguwa ko wajen ɗaurin aure. In ka sa wa kakan mutum maganar da bai faɗa ba, ko ka ɗora masa kisan da ka ƙago don labari ya yi armashi, ba za a karɓe shi a matsayin almara ba. Ɗauki yadda abin ya gudana, ka bar sunan. Sauya gari, sauya zamani, haɗa sarakuna biyu su zama ɗaya, mai da kokawar Sanau ta zama wata gasa daban. Sunayen sarautu irin su Galadima da Ƙaura da Magajiya na kowa ne, yi amfani da su, amma ka san aikin kowanne kafin ka tura shi yaƙi, don Ƙaura a Katsina shi ne shugaban mayaƙa, kada ka ba shi aikin limami. In kuma tarihin kake son rubutawa tsantsa, nemi littafin Dakta Yusufu Bala Usman na 1981 kan sauyin da Katsina ta yi daga 1400 zuwa 1883, sannan ka je gidan adana kayan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina kafin ka ɗora alƙalami.